Yadda Fastocin Finafinan Ban Tsoro Ke Razana Mai Kallo



Muna godiya ga ƙungiyar ɗalibai da ta ba mu wannan dama ta tsayawa gabanku a yau. Mun sani akwai waɗanda da suka ga kan maganarmu suka ce a ransu, ashe duk matsalolin da ke gabanmu ba a sami abin tattaunawa ba sai takardar tallan sinima? To, muna roƙon su yi mana haƙuri su saurara har ƙarshe. Fatanmu shi ne kafin mu tashi mu nuna cewa dabarun da mai zanen fasta ke bi ya sa gaban mutum ya faɗi a ƙofar gidan sinima, su ne ɗan siyasa da mai farfagandar yaƙi ke ara idan suna so su tsorata jama'a da wani mutum ko da wata al'umma. Wanda ya san yadda ake ƙulla abin kuwa, da wuya a ɗaure shi da shi.

Bari mu fara da duba wahalar aikin mai zanen. Shi fim yana da sa'a ɗaya da rabi ko biyu, yana da kiɗa da ihu da ƙarar ƙofa, ga kuma duhun ɗakin kallo yana taya shi. Ita fasta ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Takarda ce shafi guda, ba ta motsi, ba ta magana, kuma da rana tsaka ake ganinta, sau da yawa mai wucewa yana sauri. A Amurka girman da aka daɗe ana amfani da shi a da shi ne inci 27 a faɗi, inci 41 a tsawo. A cikin wannan ɗan fili, kuma cikin 'yan daƙiƙu kaɗan, ake so mai zane ya yi abubuwa biyu masu karo da juna: ya tsorata mutum, kuma ya sa shi sha'awar biyan kuɗi ya shiga ya ga abin da ya tsorata shi. Idan tsoron ya yi yawa mutum zai kau da kai ya wuce. Idan ya yi kaɗan ba zai ko waiwaya ba.

Wannan sana'a ta soma ƙarfi ne a ƙasar Jamus bayan Yaƙin Duniya na Farko. A shekarar 1920 aka fito da fim ɗin Dakta Caligari, wanda aka zana gidaje da titunan cikinsa a karkace da gangan, a 1922 kuma aka fito da Nosferatu, wanda Albin Grau ya tsara kamannin dodonsa ya kuma zana fastocinsa: siririn mutum mai sanƙo, mai dogayen farata da kunnuwa masu tsini. Daga nan Amurka ta karɓa. Kamfanin Universal ya fito da Dracula da Frankenstein a 1931, da The Mummy a 1932. Finafinan nan baƙi da fari ne, amma fastocinsu cike suke da launi, kuma fuskar dodo ce ke cika takardar. Don mu san darajar da waɗannan takardu suka yi daga baya, a 1997 an sayar da fastar The Mummy guda ɗaya a gwanjo kan dala 453,500, a 2017 kuma aka sayar da ta Dracula kan dala 525,800. Takardun da aka buga don a liƙa na 'yan makonni a yage, yau sun fi gidaje da yawa tsada.

To, waɗanne dabaru ne masu zanen ke bi? Za mu kawo guda shida, kowace da misalinta.

Ta farko ita ce duhu da ɓoye abu. Hausawa sun ce dare rigar mugu, kuma duk wanda ya taɓa sauraron tatsuniya a gindin fitilar aci-balbal ya san mai ba da labari ba ya bukatar dogon bayani a kan kamannin Dodo. Da ya ambaci sunansa ya rage murya, kowane yaro zai ƙera nasa Dodon a zuci, kuma na kowa ya fi wanda za a iya zana masa muni. Wani masani ɗan ƙasar Ailan, Edmund Burke, ya yi wannan bayani tun a 1757, cewa abu ba ya cika ban tsoro sai an rufe wani sashe nasa, domin da zarar ido ya san iyakar haɗari, yawancin fargabar ta tafi. Misali mafi kyau a nan shi ne fastar The Exorcist na 1973, wadda Bill Gold ya tsara. Labarin fim ɗin na wata yarinya ne da shaiɗani ya shiga jikinta, amma ba a nuna yarinyar a fastar ba sam. Abin da aka nuna shi ne inuwar wani limamin Kirista, sanye da hula, riƙe da jaka, yana tsaye kusa da fitilar titi cikin hazo, ga kuma haske yana sauko masa daga tagar bene. Sauran takardar duk baƙi ne. An ari tsarin wannan haske daga zanen René Magritte na ƙasar Beljiyam. Mai kallo ba zai iya hana kansa tambaya ba: mene ne a bayan tagar nan? Wannan tambaya ita ce ke sayar da tikiti.

Ta biyu ita ce girma da wurin da aka ajiye kowane abu a takardar. Mu ɗauki fastar Jaws na 1975, wadda Roger Kastel ya zana tun farko don bangon littafin Peter Benchley. A can sama, ga wata mace 'yar ƙarama tana iyo a kan ruwa, hankalinta kwance. A ƙarƙashinta, ga kan wani ƙaton kifin teku mai cin mutane ya taso tsaye kamar tsinin mashi, baki buɗe, haƙora a jere, ya cinye mafi yawan filin takardar. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima: kallo ɗaya ya isa mutum ya auna girman kifin da na matar ya san ba ta da mafita. Abin da ya fi wannan ma shi ne, mu mun ga kifin, ita ba ta gan shi ba. Alfred Hitchcock ya taɓa bayyana cewa idan bom ya fashe ba zato, razanar 'yan kallo ta ɗan lokaci ce, amma idan aka nuna musu bom ɗin a ƙarƙashin tebur alhali masu zama ba su sani ba, za su daɗe zuciyarsu na bugawa. Kastel ya yi wannan a hoto guda. Ya kama lokacin da abin bai faru ba tukuna, ya bar mu da sha'awar yi mata ihu, ba kuwa za ta ji ba.

Ta uku ita ce launi. Idan muka jera fastocin finafinan ban tsoro za mu ga baƙi da ja sun fi yawa, dalili kuwa a fili yake: baƙi na dare ne, ja na jini ne da wuta, kuma ja a kan baƙi yana fizgar ido daga nesa. Sunan Jaws da jan rubutu aka yi shi a saman shuɗin ruwa, watau an nuna jinin tun kafin a zubar da shi. Amma gwanayen masu zane sun gano akwai launin da ya fi ja tayar da hankali idan aka shafa shi a fuskar mutum, shi ne kore. Fatar mai rai ba ta yin kore, sai ta mai ciwo ko gawa. A fastar Rosemary's Baby na 1968, wadda Philip Gips ya tsara, an rina fuskar uwar da kore mai duhu tana kwance kamar sararin sama, a ƙasa kuma ga inuwar keken jariri shi kaɗai a kan tsauni. Shi dai wannan mutum ne ya tsara fastar Alien na 1979: ƙwai guda ɗaya yana rataye cikin baƙin sarari, ya tsage, wani koren haske yana tsiyayowa daga tsagar. Saul Bass kuma da zai yi wa The Shining na 1980 fasta, rawaya aka shimfiɗa, launin da ake fenta alamun gargaɗi da shi a hanya da masana'antu.

Ta huɗu ita ce fuska, musamman ido. Allah ya halicci ɗan Adam da saurin karanta fuskar ɗan'uwansa, domin tun zamanin da, wanda ya ga tsoro a fuskar abokin tafiyarsa ya san akwai abin gudu kusa, ko da bai gan shi ba. Masu bincike sun tabbatar da haka. A 2004 Paul Whalen da abokan aikinsa a Amurka sun nuna wa mutane hoton farin idon mai firgita na ɗan lokacin da bai wuce kashi 17 cikin 1000 na daƙiƙa ba, har mutanen ba su san sun gani ba, amma duk da haka wani sashe na ƙwaƙwalwarsu mai suna amigdala, wanda ke lura da haɗari, ya motsa. Wannan shi ya sa zararren ido ya cika fastocin nan. Akwai kuma batun inda haske ke fitowa. Mun saba rana da fitila su haska fuska daga sama, don haka idan aka hasko ta daga ƙasa inuwoyi sukan juye, fuskar da muka sani ta koma baƙuwa. Duk yaron da ya taɓa kunna tocila a ƙarƙashin haɓarsa don ya tsorata ƙannensa ya san wannan ilmi. Wata hanyar kuma ita ce a shafe fuskar gaba ɗaya. A fastar The Thing na 1982, wadda Drew Struzan ya zana cikin kusan kwana ɗaya, ga mutum sanye da rigar sanyi, amma inda fuska ya kamata ta kasance sai wani farin haske ke fesowa. Mai kallo yana neman ido ya karanta niyyar mai shi, bai samu ba.

Ta biyar, wadda a ganinmu ta fi sauran zurfi, ita ce a ɗauki abin da aka saba da shi, abin aminci, a ɗan gurɓata shi. Sigmund Freud ya yi rubutu a kan wannan a 1919, inda ya nuna cewa akwai wani irin tsoro na musamman da ke zuwa daga abin gida da ya rikiɗa. A 1970 kuma wani injiniya ɗan Japan, Masahiro Mori, ya lura cewa mutum-mutumi yakan ƙara ba mutane sha'awa gwargwadon kamarsa da mutum, har ya zo daf da zama mutum sosai, a nan sai sha'awar ta koma ƙyama da fargaba. Keken jariri da ƙwai da muka ambata duk daga wannan rijiya aka ɗebo su. Haka fastar Halloween na 1978, wadda Bob Gleason ya zana: kabewar da yaran Amurka ke sassaƙa wa fuska don wasan bikinsu, sai ga ta ta haɗe da hannu riƙe da wuƙa, har layukan jikin kabewar suna maimaita siffar wuƙar. A fastar The Silence of the Lambs na 1991 an rufe bakin wata mace da ƙwaron faɗa-wuta mai alamar ƙoƙon kai a bayansa. Wanda ya matsa kusa zai ga ƙoƙon kan da jikkunan mutane bakwai aka haɗa shi, an aro daga wani hoto da Salvador Dalí da Philippe Halsman suka yi a 1951.

Ta shida ita ce siffar haruffa da layuka. A 2006 Moshe Bar da Maital Neta sun nuna cewa mutane sun fi son abubuwa masu lanƙwasa a kan masu kaifi da tsini, bincikensu na gaba kuma ya nuna masu tsinin sun fi motsa amigdala. Haƙori, ƙaya, farce da wuƙa duk tsini gare su. Saboda haka masu zane kan kaifafa haruffa, ko su sa su ɗiga kamar jini, ko su farfasa su. Sunan Psycho na 1960, wanda Tony Palladino ya tsara, an yaga haruffansa ta tsakiya kamar takardar da aka keta, domin labarin na mutum ne mai tsagaggen hankali. A fastar Alien kuwa an raba haruffa biyar ɗin nesa da juna, kowane shi kaɗai cikin duhu.

Kada mu ɗauka kowa ya yarda da ɓoyewa. Akwai wata makaranta da ke ganin a zuba wa ido komai. A Indiya, 'yan'uwan Ramsay, waɗanda suka yi Purana Mandir a 1984, fastocinsu na cike da dodanni masu jajayen idanu da mata masu ihu. A nan maƙwabtanmu, ƙasar Gana, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, masu yawo da akwatin talabijin da bidiyo da janareta daga gari zuwa gari sukan sa a zana musu fasta da fenti a kan buhunan fulawa da aka ɗinke, saboda buhu yana jure naɗewa da ruwa da rana. Sau da yawa mai zanen bai ga fim ɗin ba, sai ya ƙara macizai da jini da kawuna daga tunaninsa don ya ja 'yan kallo. Finafinan Amurka da na Hongkong da na kudancin Nijeriya duk sun sha wannan fenti, kuma yau ana baje waɗannan buhuna a ɗakunan nune-nune na Turai da Amurka. Dattawanmu da suka yi zamanin gidajen sinima na Kano, irin su Plaza da Orion da Marhaba, za su tuna yadda ake tsayawa a gaban allo ana nazarin hoto kafin a yanke shawarar shiga. Wace makaranta ta fi? A ra'ayinmu mai nuna komai tana razanarwa nan take amma ido yakan saba da ita, mai ɓoyewa kuwa ita ke bin mutum har kan shimfiɗarsa.

Yanzu mun zo ga dalilin da ya sa muka ce maganar ta shafe mu. Abu na farko, wanda ya shiga sinima shi ya zaɓa, amma fasta a bakin titi take, yaro da tsohuwa da mai jego duk za su gani ba tare da an nemi izninsu ba. A Ingila, tallan wani fim mai suna The Driller Killer da aka buga a 1982, mai nuna ana huda goshin mutum, yana cikin abubuwan da suka tayar da ƙurar da ta kai ga kafa dokar tace finafinan bidiyo ta 1984. A birnin Los Angeles, a 2007, an tilasta sauke allunan tallan fim ɗin Captivity, masu nuna ana azabtar da wata mace, bayan jama'a sun yi ƙorafi. Ya kamata kuma mu tambayi kanmu me ya sa a yawancin fastocin nan mace ce abin farauta, da kuma abin da wannan ke koya wa yaron da ke wucewa kullum.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. A 1917 an buga wata fastar ɗaukar soja a Amurka, zanen H. R. Hopps, inda aka nuna Bajamushe a siffar goggon biri mai zubar da miyau, sanye da hular sojan Jamus, kulki a hannu ɗaya, mace a ɗaya hannun. 'Yan Nazi kuma sun zana Yahudawa da karkatacciyar fuska da launin ciwo shekaru kafin kisan kiyashin da suka yi musu. A 1996 jam'iyyar 'yan mazan jiya ta Ingila ta fitar da hoton Tony Blair an yage wurin idanunsa an sa jajayen idanun shaiɗan, har hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasar ta ce a janye shi. Girma, launi, ido, gurɓata abin da aka sani: dabarun da muka lissafa ne ɗaya bayan ɗaya. Bambancin kawai, dodon sinima ba shi da 'ya'ya ko maƙwabta, wanda aka mayar dodo a siyasa kuwa mutum ne mai gida da iyali. A yau da kowa ke iya gyara hoto a wayarsa ya watsa wa dubban mutane kafin la'asar, wajibi ne duk hoton da ya sa gabanmu ya faɗi game da wata ƙabila ko wani addini ko wani ɗan takara, mu tsaya mu tambaya: wa ya duhunta wannan fuska, wa ya zaɓi wannan launi, me yake so mu aikata?

Abu na uku na 'yan'uwanmu ma'aikata ne. Wata rana fayil zai zo teburinku ana neman amincewa da fastar rigakafi, ko ta kiyaye haɗarin mota, ko ta yaƙi da shaye-shaye, kuma za a kawo muku hoton kwarangwal da jini a ce shi ne zai yi aiki. Wata masaniya a Amurka, Kim Witte, ta yi bayani a 1992 cewa tsoratarwa tana amfani ne idan an haɗa ta da mafita wadda mutum ya yarda zai iya bi. Idan aka tsorata shi aka bar shi ba hanya, sai ya kau da kai ko ya ƙaryata saƙon. Mai fastar sinima mafitarsa tikiti ce. Ku kuwa sai ku tabbata takardarku ta faɗi asibitin da za a je, da ranar, da abin da za a yi, kuma ba ta mayar da majinyaci dodo ba, domin wanda aka kunyata ɓuya yake yi da ciwonsa.

Muna ba 'yan'uwa ɗalibai shawara, duk fastar da kuka ci karo da ita a wannan mako, ta fim ce ko ta siyasa ko ta magani, ku tsaya minti ɗaya ku duba ina haske ya fito, me aka girmama, me aka ƙanƙanta, me aka ɓoye. Shugaban taro, a nan za mu dakata don a sami lokacin tambayoyi.